Jirgin Magaji Marar Wutsiya

A Gidan Hayatu, wani ƙauye da ke tafiyar hantsi daga Gazawa, idan mutum ya shirga zancen da ba shi da tushe, ba a ce masa ya yi ƙarya. Sai dai a kalli juna a ce, "To, jirgin Magaji ya sauka." Yara sun tashi da maganar a baki, har wasunsu ba su san Magajin yana nan da ransa ba, a gidan da ke bayan masallaci, yana saƙar zana.

Magaji mai ɗaurin jinka ne, sana'ar da ya gada wajen ubansa. Siriri ne, marar hayaniya, kullum da igiya ɗaure a ƙugu. Babu rumbu ko ɗaki a garin da hannunsa bai taɓa ba, kuma jinkarsa ba ta yoyo. Kowa ya yarda da hannun Magaji, bakinsa ne ba a yarda da shi ba. Ba a taɓa kiransa shaidar ɗaurin aure ba, balle ta iyakar gona. Wata shekara ya ga jinjirin watan Sallah shi kaɗai, ya je ya gaya wa liman. Liman ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, gari ya tashi da azumi. Da hantsi sai ga mahayi daga Gazawa, ya ce can har an sauko daga Idi. Ko a ranar ba wanda ya ce Magaji ya yi gaskiya. Cewa aka yi ya yi sa'a.

Ga yadda abin ya samo asali.

Shekara uku kafin babban yaƙin Nasara, da kaka, an gama yankan gero, Magaji yana saurayi, yana bisa wani sabon rumbu a bakin gari yana ɗaura masa jinka. Mai miƙo masa bunu shi ne Ɗahiru, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa. Ɗahiru a lokacin shi ne gwanin kokawar yankin, kirarinsa kuwa bai taɓa ba wa wani abu baya ba, mutum ko dabba. Suna cikin aiki sai aka ji wata ƙara daga gabas, tana yi tana tari kamar tsohon jaki. Aka ɗaga kai, sai ga wani abu shuɗi da fukafukai yana gangarowa kan gari.

Mata suka bar taɓarya tsaye cikin turmi. Dattawa suka bar takalma a gindin bishiya. Ɗahiru ya daka tsalle, ya ture tsani, ya faɗa cikin wani tsohon rumbun zana da ke kusa, ya jawo murfi. Magaji shi kaɗai bai gudu ba, kuma shi da kansa yakan ce ba jarumta ba ce, tsanin ne babu.

Jirgin ya dira a gonar mai gari, ya yi ta tsalle bisa kunya, ya zo ya juya ya tsaya, hancinsa na kallon daji, bayansa ya shige tsakanin tsofaffin rumbuna. Wani Nasara ya fito, ya tuɓe hular fata, ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba sai saurayi bisa jinka, ya yafito shi. Magaji ya zamo ƙasa. Nasaran ya buɗe hancin jirgin ya shiga taɓa ƙarafa. Ta taga kuwa ana hango buhunan takardu jibge a ciki.

Shi mai ɗaurin jinka, in ya ga abin da aka ƙera da kyau, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Magaji ya kwance igiyar ƙugunsa ya fara awo. Ya auna fiffike ya ƙulla, ya auna hanci ya ƙulla, ya auna ƙafafu da wasu takalman ƙarfe da suka rufe su. Nasaran ya yi dariya, har ya riƙe masa bakin igiya. Ya auna jiki ya wuce taga, saura ya kutsa tsakanin rumbuna ya kai ga wutsiya, sai Nasaran ya kira shi. Ya miƙa masa rabin gwangwanin kifi, ya nuna masa da hannu ya kama bakin fiffike ya kafe ƙafa har jirgin ya juya. Magaji ya kama. Ƙara ta tashi, rairayi ya cika masa ido. Kafin ya gama murzawa, sama ta koma yadda take.

Kashegari wani gardi, dogarin Nasara, ya zo bisa doki yana tambaya ko jirgi ya sauka nan. Zamanin aikin dole ne. Dattawa sun san wani gari da mota ta bi ta cikinsa sau ɗaya tak, mutanensa suka yi wata uku suna tonon kututture don a yi mata hanya. In mota ta jawo haka, ina ga abin da ke tashi sama? Tun da asuba aka kora shanu suka tattake sawun.

"Jirgi, ranka ya daɗe?" in ji mai gari. "Mu nan ko shaho bai cika sauka ba."

Magaji ya miƙe daga baya ya ce shi ya gani, har ya riƙe fiffike.

Mai gari ya ce, "Rabu da shi, ranka ya daɗe. Rana ce ta buge shi bisa rumbu. Allah ya ba shi lafiya."

Jama'a suka ce amin. Gardi ya yi dariya, ya sha fura, ya hau dokinsa. Gari ya tsira, Magaji ya ɗauki kayan.

Aikin dole ya zo ya wuce, mai garin ya rasu, amma jirgin bai samu izinin sauka ba. Duk wanda zai ce ya gani, dole ya faɗi inda yake lokacin da ya gani, kuma a nan gizo ke saƙa. Magaji ya san inda Ɗahiru yake a ranar, bai kuwa taɓa faɗi ba. Taubashi abokin wasa ne, a zage shi a ƙwace masa hula, amma ba a tuɓe masa wando a kasuwa. Shi Ɗahirun kuwa, don ya tabbata ba a tambaye shi ba, ya fi kowa ƙwazo wajen tsokana.

Haka aka yi shekara ashirin da huɗu, har mulkin kai ya zo cikin damina.

Wanda ya kawo shi Gidan Hayatu shi ne Maikuɗi, mai awon gyaɗa, shugaban komite na gari. Ya sayi tabarau a Maraɗi, kodayake idonsa lafiya lau, kuma tun daga ranar ba ya magana sai a tsaye. Bayan kaka ya tara mutane ya ce za a yi babban biki a Gazawa, kowane gari zai kai abin da ke nuna ci gaba. Wani ya ce a kai kabewar Asama'u, wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Wani ya ce rago. Maikuɗi ya ce kabewa da rago tun zamanin kakanni ake da su, shi abin zamani yake nema.

Magaji ya tashi. Ya koma gida, ya jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, ya tona tokar da ke ciki, ya fito da igiyar rama mai ƙulli goma sha ɗaya da tsohon gwangwanin kifi.

Matarsa Batulu tana tankaɗe. Ita daga wajen Gidan Sori aka auro ta, shekara biyu bayan abin, saboda haka ba ta da inda ta ɓuya. In mata suka tambaye ta a rijiya, sai ta ce ita ba ta ga jirgi ba, amma ta ga igiya.

"Malam, yau kuma gawar wa aka tono?"

"Zan ƙera shi, Batulu. Ƙarami. Tun da kunne ya ƙi, bari a gwada ido."

"Da furfurarka za ka zauna wasan kara? To, Allah ya taimaka. Amma wuƙata ta yankan kuɓewa ba ta cikin mulkin kai."

Da wuƙar aka yi aikin.

Ya yanke wa kansa ƙa'ida: duk kamu ɗaya a jikin igiya, faɗin yatsu biyu a jikin ƙaramin. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kamu ashirin da ɗaya ne, ya zama yatsu arba'in da biyu. Ya zaɓi karan dawa miƙaƙƙe, ya feɗe ɓawon, ya yi haƙarƙari da shi kamar yadda ake tanka jinka, ya cika da totuwa. Ƙusoshinsa ƙayar aduwa, abin liƙi ƙaro. Hanci ya sassaƙa da icen dashi, ƙafafu ya yanko daga sakaina, ya yi musu takalma da 'yan ƙananan duma. Fiffike ya ba shi wuya, don na jirgin ba shimfiɗe yake kamar faifai ba, yana da tudu a gaba ya sirance a baya, kuma tafin hannunsa bai manta ba. Sau huɗu yana warwarewa. Ya rufe jikin da tantani daga wajen mai haɗa kalangu, ya shafe da shuni. Farfelar gaba kuwa daga gwangwanin kifin ya yanko ta. In iska ta taso sai ta juya, kajin Batulu su watse.

Kullum da la'asar Ɗahiru na zuwa, yanzu ya yi tumbi, gwiwa ta fara ciwo, amma kirari na nan.

"Kai bawa, yaushe za a kai ni Makka? Ka ajiye mini wajen taga."

"Sai an faɗaɗa ƙofa, bawan gidanmu. Wannan cikin naka ko rumbu ba ya ɗauka yanzu."

Ɗahiru ya yi dariya, amma gajeriya. Magaji ya lura duk lokacin da ya zo, ba ya kallon hanci ko fiffike. Idonsa can baya yake zuwa, inda jikin ya sirance ya tsaya, kara uku tsirara ba komai a kansu.

A nan igiya ta ƙare, a nan kuma Magaji ya tsaya.

Maikuɗi da ya zo dubawa, ya zagaya abin sau biyu, ya gyara tabarau. Ya ce wannan shi ne ci gaba. Ya ce a goge shunin a shafa launin tuta. Magaji ya ce shuɗi ya gani.

"To, wutsiya fa?"

"Ban auna ba."

"Haba Magaji! Sa ko wace iri. Ta kaza, ta kifi, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Shekara ashirin da huɗu ana cewa na ƙara abin da ban gani ba. Ba zan fara yau ba."

Maikuɗi ya yi tsaki, ya ce ba komai, shi zai san yadda zai yi da ita a jawabi.

Ranar biki gari ya ɗunguma zuwa Gazawa. Batulu ta ɗauko jirgin bisa kai a cikin babban faifai, ta rufe shi da zane kamar kayan gara. An kafa rumfa a filin kasuwa, 'yan lakol, wato 'yan makaranta, sun yi layi suna waƙa, an jera tebura. Wani gari ya kawo rago, wani damin gero, wani kuma kabewar da ko rabin ta Asama'u ba ta kai ba. Da aka yaye zanen, mutane suka bar rago suka yo nan.

Maikuɗi ya hau benci. Ya ce jama'a su duba da kyau, kamar yadda ake nuna tafin gyaɗa kafin a sauke buhu, haka Gidan Hayatu ta kawo ɗanɗano, babban yana tafe. Wutsiya kuwa da gangan aka bar ta, don ƙasa mai mulkin kai gaba take kallo, ba ruwanta da baya. Aka yi tafi. Wani daga cikin taro ya ce ko gaba ake kallo, ai jaki ma da wutsiyarsa yake tafiya.

Sai ga wani tsohon soja ya kutso, Sajan Sanda, Bagobiri mutumin Gidan Rumji da ya zo ganin dangi, lambobi uku a ƙirji. Ya sunkuya, ya hura farfela, ya daɗe yana kallon takalman ƙafafun.

"Wanga na san irinsa," ya ce. "Kafin yaƙi Nasara na tsere da su kamar sukuwar dawaki, in sun gama su loda musu takardu. Wa ya ƙera?"

Aka nuna Magaji.

"A hoto ka gani, ko? Hoton ne ya yage ta baya?"

Dattawan Gidan Hayatu suka sauke numfashi. Hoto! Shekara ashirin da huɗu ba wanda ya yi wannan dabarar. Nan take biyu daga cikinsu suka tuna sun taɓa ganinsa da wata takarda. Har jiya Magaji maƙaryaci ne kawai, yau zai koma gida maƙaryaci mai hoto.

"Bari in cika maka," in ji Sajan. Ya tsinci guntayen kara a ƙasa. "Wutsiya biyu gare su, ɗaya nan, ɗaya nan, kamar ƙahon sa. Haka na gan su a bariki. Ko ba haka ba?"

"Ban sani ba, Sajan," in ji Magaji. "Ban auna ba."

Sajan ya soka kara ɗaya a dama. Ya ɗaga na biyu. Ɗahiru yana tsaye a gefen tebur, gumi na bin wuyansa. Shi mutum ne da zai iya haƙuri da yunwa, amma ba zai iya tsayawa baƙo, Bagobiri ma, yana koya wa garinsu abin da ya fi shi sani ba.

"Kai soja, cire hannunka! Wane irin biyu? Guda ɗaya ce, tsaye kamar kunnen jaki, da 'yan fukafukai biyu kwance a gindinta, da wata 'yar ƙafa ƙarama a ƙasa! Ni za a gaya wa? Abin da ya kusa tsone mini ido!"

Filin ya yi tsit, har ana jin rago yana tuƙa.

"Ikon Allah," in ji Batulu a hankali. "Yaya Ɗahiru, daga ina ka gani?"

Ɗahiru ya ce, "Daga... inda nake."

"Cikin tsohon rumbun mai gari yake," in ji wata murya. Inna Laraba ce, mai ƙosai, tana dogare da sanda. "Ni ina cikin na kusa da shi. Haƙoransa sun hana ni jin ƙarar jirgin."

Dariya ta ɓarke har 'yan lakol suka ɓata layi. Amma kamar an ɓalle bakin buhu ne. Wani dattijo ya ce bakin kunnen jakin fari ne, ya gani sarai daga bayan turmi. Wani ya ce ƙarya ne, ja ne, shi da ke cikin ramin marina ya fi shi kusa. Maikuɗi ya manta yana bisa benci, ya ce an bar babban abu, akwai manyan baƙaƙe farare a bayan fukafukai, duk wanda ke bisa gawo ya gan su. Liman bai sa baki ba, sai da wani ya ce cikin jirgin ma shuɗi ne, sannan ya yi gyaran murya ya ce a ji tsoron Allah, ta ƙasa fari ne, don ta kansa ya wuce yana kwance a kwari.

Magaji bai yi dariya ba. Ya matsa kusa da taubashinsa, wanda ya sunkuyar da kai kamar an kayar da shi gaban budurwa.

"Bawa," ya ce da shi ƙasa-ƙasa, "tsayinta nake so. Ina ta kawo maka?"

"Na huda zana da yatsa ina leƙe," in ji Ɗahiru, bai ɗago ba. "Daidai ɗauri na uku. Bakinta na daidai da idona."

Wannan rumbun gara ta cinye shi tuntuni. Amma uban Magaji ne ya ɗaura shi, kuma tsohon bai taɓa sa ɗauri na uku ba sai a kamu huɗu daga ƙasa. Magaji ya zaro igiyarsa, ya auna kamu huɗu, ya yi ƙulli na goma sha biyu. Yatsu takwas ke nan.

Suka koma gindin wata bishiyar bedi, ana can ana jawabai. Magaji na yanka da wuƙar kuɓewa, Ɗahiru na riƙe da ƙaya a baki yana cewa a ƙara lanƙwasa nan, a rage can, Inna Laraba na gyara musu duka biyun. Sajan Sanda ya tsaya a kansu, ya ce to, wataƙila nasa mai wutsiya biyun wani iri ne daban. Kafin la'asar jirgi ya cika. Kyautar farko dai rago aka ba wa, don alƙalan sun ce jirgin bai cika ba lokacin da suka zagaya.

Bayan an koma gida labari ya ɗan sake kama. Kafin wata ya ƙare, waɗanda suka riƙe fiffike a ranar sun kai mutum talatin, har Magaji in yana son wuri sai ya matsa. Ɗahiru ya ce shi dama ya shiga rumbun ne don ya tare wutsiyar kada ta rushe wa mai gari hatsi. Maikuɗi ya ce hawa gawo aikin komite ne, tun kafin a san komite. Magaji yana saƙar zana yana sauraro, bai ƙaryata kowa ba. Jirgin kuwa ya rataye shi a tsakar ɗaki, inda awaki ba sa kaiwa.

Bayan wata uku azumi ya kai ashirin da tara. Da magariba samari uku suka rugo suka ce sun ga wata. Liman ya ce a dakata, ya aika a kira Magaji. Aka buɗe masa hanya har gaban sahu, abin da bai taɓa gani ba. Ya ɗaga kai ya duba yamma. Aikin ƙaya da totuwa ya rage masa gani, shi kansa ya sani, ya ma fara faɗi, amma aka ce ya duba dai. Ya daɗe yana dubawa.

"Ni dai ban gani ba," ya ce.

"Kun ji," in ji liman. "Magaji bai gani ba."

Gari ya tashi da azumi. Da hantsi sai ga mai keke daga Gazawa, ya ce can har an sauko daga Idi. Aka sha ruwa a tsaitsaye, mata na ta faɗa saboda ba a jiƙa shinkafa ba. Amma ba wanda ya ce Magaji ya yi kuskure. Samarin nan uku aka ce sun yi sa'a.